Wasan harbi a wayar salula: Mu san abin da 'ya'yanmu na Nima da Mamobi ke yi kafin mu yanke hukunci

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo unguwannin Zango na birnin Accra, wanda iyayenmu fatake ke kira Ankara, musamman Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, kuma ya kamata mu 'yan kasuwa da muke kwana a kan hanya mu tsaya mu dube shi da idon basira. Wannan abu shi ne wasan harbe-harbe na wayar salula da ake bugawa ta intanet. A kusan kowace majalisar samari, wato abin da suke kira bes, za ka tarar da yara huɗu ko biyar sun haɗa kai wuri ɗaya, kowa ya riƙe wayarsa a kwance da hannu biyu, ya toshe kunne da abin sauraro, ataya tana hucewa a kofi babu mai kallonta, ana ta kiran lambobi da sunayen bindigogi kamar ana filin daga. A cikin waɗannan yara kuwa, wanda aka fi girmamawa shi ne wanda suke kira sinaifa, wato maharbin da ke laɓewa daga nesa ya kayar da abokin gaba da harsashi ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mai sayar da albasa ko goro ko atamfa da wasan yara? Ruwansa shi ne aljihunsa da kuma gidansa. Da yawa daga cikinmu muna shafe makonni tsakanin Aflawo da Paga da Elubo, wasu har Seme da Malanbil da Gaya da Illela da Jibiya, mun bar iyali a Nima. Mu ne muka sayi wayar, mu ne kuma ake bugo wa waya muna tsakiyar ciniki da jami'an kwastan a ce, “Baba, a turo mini kuɗin data,” ko “Baba, akwai wata bindiga da nake so in saya a cikin gem.” Iyaye sun kasu gida biyu a kan wannan lamari. Akwai masu cewa da sun dawo gida za su rotsa wayar da ƙasa kowa ya huta, akwai kuma masu cewa gara yaro ya zauna a gida da waya da ya shiga ƙungiyar 'yan daba, don haka ko nawa ya nema sai su tura. A ganinmu dukkan ɓangarorin biyu suna yanke hukunci a kan abin da ba su sani ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Babu ɗan kasuwar da zai sayi buhu bai kwance bakinsa ba. To bari mu kwance bakin wannan buhu.

Wasanni uku ne suka fi yawa a hannun yaran. Na farko shi ne PUBG, wanda wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar a kwamfuta a 2017, sannan aka kawo shi wayar salula a watan Maris na 2018 tare da haɗin gwiwar kamfanin Tencent na ƙasar Sin. Na biyu shi ne Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, kuma ya samu karɓuwa a wurin talakawa saboda ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Na uku shi ne Call of Duty na waya, mallakar kamfanin Activision na Amurka, wanda ya fito a watan Oktoba na 2019. Tsarin PUBG shi ne, mutum 100 daga ƙasashe daban-daban suna dirowa da lema daga jirgin sama zuwa wani tsibiri, babu mai komai a hannu, kowa ya shiga gidaje ya tsinci bindiga da harsashi da hular kwano da magani. Akwai wata da'ira da ke ƙanƙancewa a hankali, duk wanda ya tsaya a wajenta jininsa zai riƙa raguwa, don haka dole kowa ya matso tsakiya har a haɗu. Mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta mutum huɗu da ta rage a ƙarshe ita ce ta ci. A Free Fire mutum 50 ne, kuma wasa ɗaya bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba, yayin da na PUBG kan kai rabin awa.

To ta yaya yaro ke zama gwanin harbi daga nesa a irin wannan wasa? Mun ga ya dace mu yi bayani dalla-dalla, domin a cikin bayanin ne amsar tambayar kuɗi take, kuma duk yaron da mahaifinsa ya miƙa masa wannan shafi zai ƙaru.

Abu na farko shi ne wurin zama. Maharbi yana neman tudu ko saman bene inda zai hango fili, amma ba ya tsayawa a kan tsinin tudun, domin duk wanda ya tsaya a nan sararin sama na bayansa, surarsa za ta fito fili kamar tutar masallaci. Yakan sauko kaɗan ya jingina da dutse ko gindin itace, ya tabbatar akwai abin da ya kare bayansa, ya kuma san hanyar da zai bi ya gudu tun kafin ya ɗaga bindiga. Idan cikin ɗaki yake, ba ya manne wa taga, sai ya ja baya cikin duhun ɗakin ya leƙa ta gefe. Haka kuma yana lura da da'ira, domin wuri mai kyau da ke wajen da'ira ba shi da amfani. Gwanaye sukan riga kowa isa gefen sabuwar da'ira su zauna, su jira waɗanda suka makara suna tahowa a guje a fili. Duk wanda ya taɓa neman rumfa a kasuwar Nima ranar Laraba ya san wannan darasi, wanda ya yi sammako shi ke samun bakin hanya.

Abu na biyu shi ne haƙuri da harsashi. Bindigogin nesa irin su Kar98k da M24 da AWM harsashi ɗaya suke fitarwa, sai an sake ɗana su kafin a yi na biyu, kuma Kar98k harsashi biyar kacal take ɗauka. Ƙarar harbi tana sanar da duk wanda ke kusa inda kake, har ma alama takan fito a ƙaramar taswirar abokin gaba. Saboda haka harbin da bai samu ba asara biyu ce, ka rasa harsashi, ka kuma tona asirin maɓoyarka. Sabon shiga yana harbin duk abin da ya motsa. Gwani yana jira sai mutumin ya tsaya cak, ko yana ɗaure rauni, ko yana tsintar kaya, ko yana saitin wani, sannan ya sa masa a ka. Idan ya ga ƙungiyoyi biyu suna faɗa da juna, yakan bar su su gaji tukuna. Kuma da zarar ya yi harbi ɗaya ko biyu sai ya bar wurin, ko da ya samu, domin 'yan uwan wanda ya faɗi sun riga sun juyo da bindigoginsu wajen. Yawancin yaran da ke kukan ana kashe su da wuri, laifinsu ke nan, sun samu wuri mai daɗi sun ƙi tashi.

Abu na uku lissafi ne. A PUBG harsashi ba ya isa nan take, yana ɗaukar lokaci a iska, kuma yana sunkuyawa ƙasa idan tafiyar ta yi nisa. Babban tsibirin wasan, wanda ake kira Erangel, kilomita 8 ne tsawo da faɗi, an raba taswirarsa gida-gida kowane babban gida kilomita ɗaya, kuma idan ɗan wasa ya dasa alama a wani wuri za a nuna masa mita nawa ne tsakaninsu. Mutumin da ke mita 100 ana saita masa kai tsaye, wanda ke mita 400 kuwa sai an ɗaga bakin bindiga sama da kansa kaɗan. Wanda ke gudu ba a saita jikinsa, ana saita gabansa ne inda zai kai lokacin da harsashin zai iso, kamar yadda maharban da suka yi farauta da baka da kibiya suka sani tun kaka da kakanni. Sannan akwai lissafin hula. Hular kwano hawa uku ce. Kar98k da M24 suna kayar da mai hula ta ɗaya ko ta biyu da harsashi ɗaya a ka, amma mai hula ta uku da ke da cikakken jini yakan tsira daga harbin farko. AWM ce ke fasa ko wace hula, ita kuwa ba a tsintarta a gidaje, sai a cikin akwatin da jirgi ke jefowa, inda kowa ke rububi. Saboda haka maharbi yana duba irin hular da ke kan mutum ta madubin hangensa kafin ya yanke shawarar taɓa kunama.

Abu na huɗu shi ne jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maharbin nesa ba shi da ƙarfi idan aka cim masa a kusa, don haka dole ya riƙe bindiga ta biyu mai ruwan harsashi, da gurnetin hayaƙi wanda zai rufe shi idan zai tsallaka fili. Babban aikinsa a ƙungiya ma ba kisa ba ne, ido ne. Shi ke da madubi mai ninka gani sau shida ko sau takwas, shi zai ce wa abokansa ga mutum biyu a bayan jar mota ta wajen lamba kaza, ku bi ta hagu. A wasan ƙungiya wanda aka harba ba ya mutuwa nan take, yana durƙushewa ne har ɗan uwansa ya zo ya tashe shi, to a wannan ɗan lokaci da ɗayan ɓangaren ya rage mutum uku ne maharbi zai ce wa nasa su afka. Yaron da ke neman suna shi kaɗai, ya bar abokansa su mutu don ya ƙirga kawuna, ba ya daɗewa a ƙungiya, kamar dai yadda ba a sake haɗa mota da ɗan kasuwar da ya bar 'yan uwansa a kan iyaka ya wuce da nasa kayan.

Abu na biyar shi ne horo da gyaran waya. Kowane ɗaya daga cikin wasannin nan yana da filin gwaji inda ake harbin allo kyauta. Minti goma sha biyar a wannan fili kowace rana, da bindiga ɗaya da madubi ɗaya, ya fi awa biyar na shiga wasa ana mutuwa ana sakewa. Ana rage saurin juyawar madubi mai nisa don kada hannu ya yi rawa, ana kunna na'urar da ke sa saiti ya bi karkatar waya, sannan a bar saitin haka har hannu ya saba da shi, domin yaron da ke kwaikwayon saitin wani gwani a YouTube kowane mako hannunsa ba zai taɓa zama ba. Abin sauraro na kunne, ko mai araha ne daga Tip Toe Lane a Circle, yana nuna ta ina takun ƙafa ko ƙarar harbi ke fitowa.

Akwai kuma abin da ba ya hannun yaro, wanda suke kira fin. Wasan yana zaune ne a wata babbar kwamfuta da ke nesa, duk abin da yaro ya danna sai ya je can ya dawo, ana kuma auna wannan tafiya da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan lambar ta kai 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ke nan, mutumin da ke gudu ya riga ya matsa kusan mita guda daga inda ake ganinsa. Mun ga yadda muka dogara da igiyoyin ƙarƙashin teku ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da da yawa daga cikinsu suka lalace a lokaci ɗaya intanet ta durƙushe a Gana da Kodebuwa da Najeriya, har aika kuɗi ya gagara. A cunkoson Nima da Mamobi, inda dubban wayoyi ke rataye a kan turken sadarwa ɗaya, layi yakan yi nauyi da yamma ya saki da tsakar dare, wannan ne ma ya sa yara ke raba dare. Mu riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Yanzu mai karatu ya sake duba abubuwan nan biyar. Wurin zama, haƙuri, lissafi, jama'a da horo, a cikinsu wanne ake saya da kuɗi? Babu ko ɗaya. Abin da kamfanonin ke sayarwa da kuɗinsu na cikin wasa, wanda ake kira UC a PUBG, dayamon a Free Fire, CP a Call of Duty, yawancinsa ado ne: riga, fentin bindiga, rawa, mota mai walƙiya. A PUBG bindiga mai fentin zinare da wadda ba ta da fenti rauni ɗaya suke yi. A Free Fire gaskiya ne wasu fentin suna ƙara wa bindiga ɗan ƙarfi ta wani gefe su rage ta wani gefen, amma wannan ba ya mayar da mai rawar hannu gwani. Saboda haka duk lokacin da yaro ya ce sai an saya masa kaza zai iya harbi, uba yana da amsar da zai ba shi, kuma yaron ya san gaskiya aka faɗa masa.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake sayar da adon. Sau da yawa ba a ce ga riga ga kuɗinta, sai a ce ka sayi akwati a rufe ko ka juya wata ƙafa, abin da ya fito shi ne rabonka, kuma abin da kake so shi ne mafi wuyar fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin mai karta uku a tasha ya san sunan wannan sana'a. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke hukunci tun 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne. Yaron da ya saba da bugun zuciyar buɗe akwati yana shekara 13, shagon cacar ƙwallo ba zai yi masa baƙunta ba idan ya kai 18, kuma kowa ya san yadda waɗannan shaguna suka yawaita a unguwanninmu.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Mu ƙaddara, misali, yaro yana kashe sidi 10 kacal a rana tsakanin data da sayayyar cikin wasa. A wata ya kama sidi 300, a shekara sidi 3,650. Kowa ya auna wannan da ribar da yake samu a buhu ɗaya bayan ya biya mota da lebura da abin da ake bayarwa a shingaye. Da can harajin tura kuɗi ta waya, wanda aka fara a watan Mayu na 2022, yana sa mutum ya ɗan yi tunani kafin ya tura, to an soke shi a watan Afrilu na 2025, yanzu tura kuɗi ya zama kamar miƙa hannu. Mafi muni shi ne gidajen da wayar shago ita ce wayar wasa, kuma yaro ya san lambar sirrin momo saboda shi ake aika ya cire kuɗi. A nan ne 'yan damfara ke shigowa, su yi alkawarin UC ko dayamon kyauta, ko manhajar da za ta sa harsashi ya riƙa samun kai da kansa, su nemi a shigar da lambar waya da lambar sirri. Wanda bai rasa kuɗinsa ba zai rasa asusun wasansa, domin PUBG takan rufe asusun mai maguɗi har na shekara goma. Wanda aka damfara yana iya kai ƙara ga Hukumar Tsaron Intanet ta Gana ta lamba 292, amma rigakafi ya fi magani: jarin kasuwa da wasan yara kada su kwana a waya ɗaya.

Bayan kuɗi sai lokaci, wanda ya fi kuɗi tsada. Mun faɗa a baya cewa layi ya fi kyau da tsakar dare. Yaron da ya kwanta ƙarfe uku na dare ba zai amfana da makarantar boko da safe ba, ba zai amfana da makarantar allo da yamma ba, kuma jarrabawar BECE ko WASSCE ba ta tambayar mutum nawa ka kayar a Erangel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin da ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Alamomin da ta bayar su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, har tsawon kimanin shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan mataki, don haka bai kamata a mayar da duk yaro mai waya majinyaci ba. Amma abin lura shi ne, ƙasar Sin, inda Tencent yake, ta kafa doka a watan Agusta na 2021 cewa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai za su yi wasan intanet a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Masu dafa abincin sun auna wa 'ya'yansu da cokali, mu kuma mun bar wa namu tukunyar.

Sai babbar tambayar da ke zuciyar iyaye mata musamman, shin wannan wasa ba ya koya wa yara ta'addanci? Ba mu manta da abin da ya faru a watan Janairu na 2022 ba, lokacin da ƙungiyoyin samari biyu suka gwabza da adduna da bindigogi da rana tsaka a Nima da Mamobi, hotunan suka zagaya duniya suka zubar mana da mutunci. Wanda ya ga haka dole gabansa ya faɗi idan ya ji ɗansa yana kiran sunayen bindigogi. Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki mai tsauri, majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar haramta PUBG a watan Afrilu na 2019, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramta shi a watan Yuni na wannan shekarar. Indiya ma ta rufe shi a watan Satumba na 2020, sai dai dalilinta shi ne tsaron bayanai a rikicinta da Sin, kuma wasan ya dawo da wani suna a 2021. A ɗaya gefen, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasannin nan su ne ke haifar da aikata ta'asa, ko da yake ta ce suna da ɗan alaƙa da zafin rai irin na ihu da ture-ture. Mu da muka san unguwa mun san faɗan daba ya girmi wayar salula, kuma tushensa rashin aiki ne da ƙwaya da 'yan siyasar da ke hayar ƙarfin samari lokacin zaɓe. Idan muka ɗora wa waya laifin, mun sallami masu laifin na gaskiya. Duk da haka wasan kisa ba na ɗan shekara bakwai ba ne, kuma kunnen da aka toshe da abin sauraro yana jin maganar baƙi daga ko'ina a duniya, da zagi da abin da ya fi zagi. Wannan kaɗai ya isa a sa ido.

Wasu yaran za su ce mana ai sana'a ce, ana cin kuɗi da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A gasar wasannin kwamfuta ta duniya da aka yi a Riyad ta Saudiyya a 2024 an raba kyautar da ta haura dala miliyan 60, kuma a gasar wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023 an ba da lambobin yabo a wannan fanni. To amma mu 'yan Nima muna da misali a gida. Mohammed Kudus ya tashi a nan, ya fara da ƙungiyar Strong Tower, ya wuce makarantar Right to Dream, ya je Denmark, ya koma Ajax a 2020, ya ci wa Gana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar kofin duniya ta 2022, ya tafi West Ham a 2023 sannan Tottenham a 2025. Yara nawa ne suka buga ƙwallo tare da shi a fili ɗaya? Ina suke yau? Shi ma ɗin ba a majalisa ya zama gwani ba, an kai shi inda ake da lokacin horo da lokacin karatu da lokacin barci. Duk yaron da ya ce wasa sana'arsa ce, sai mu ce masa madalla, sana'a tana da lokacin buɗewa da na rufewa, tana da littafin shiga da fita, kawo naka mu gani.

Saboda haka shawararmu ga 'yan uwa 'yan kasuwa ita ce, kafin tafiya ta gaba kowa ya zaunar da ɗansa a yi ciniki a fili. A yanka masa kuɗin data na mako wanda ba za a ƙara ba ko da ya ƙare ranar Talata, a hana sayen akwatin sa'a gaba ɗaya, a sa lokacin da waya za ta koma hannun mahaifiyarsa da dare, a kuma ɗaura wasan ƙarshen mako a kan sakamakon makaranta. A canza lambar sirrin momo, a raba wayar shago da ta yaro. Sannan a ba iyaye mata cikakken iko a kan wannan yarjejeniya, domin babu abin da ke rusa tarbiyya kamar uwa ta hana a Mamobi uba ya turo daga Aflawo. Rotsa waya kuwa ba ya magani, yaron zai koma ta abokinsa a inda ba mai ganinsa.

Ga shugabannin bes da masu gidajen gem, ku ne yaran ke jin maganarku fiye da tamu a wannan fanni. Ku kori ɗan makaranta a lokacin makaranta, ku hana wasa da kuɗi a tsakani, ku shirya gasar unguwa da rana a lokacin hutu, Nima da Mamobi su kara a waya a tashi a sha ataya tare. Ga sarakunan Zango da limamai, muna roƙon a yi wa iyaye bayani da ilimi, kada a tsaya ga tsinuwa. Ga Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, muna cewa yaron da ya iya karanta taswira, ya auna nisa, ya daidaita saitin waya, ya jagoranci mutum huɗu da Turanci da Hausa a lokaci ɗaya, ya riga ya taka matakin farko na koyon gyaran waya da rubuta manhaja da zanen kwamfuta. A buɗe musu wuraren koyo a cikin unguwa, kusa da inda suke zama, a kuma sanar da su ta bakin waɗanda suke saurara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna suna kai kanwa su dawo da goro, kuma abin da ya tsare musu dukiya shi ne sanin hanya, da sanin lokacin tsayawa da na tashi, da riƙe amanar ayari. Idan ɗanka ya ce yana so ya zama gwanin harbi, ka tambaye shi inda yake zama a taswira, da dalilin da ya sa ya yi harbin da ya yi, da abin da ya yi wa abokansa uku. Daga amsarsa za ka gane ko yana koyon natsuwa ne ko kuwa wasan ne ke cin sa, daga nan kuma sai ka san ko za ka tura kuɗin data ko za ka riƙe abinka. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kai kowa gida lafiya.